Jinyar Hajiya a Hannun Baƙi

Jirginmu ya sauka a Indiya da hantsi, ni da Hajiya, uwar 'ya'yana, wadda muka shekara arba'in da ɗaya tare ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, ita ma ba ta taɓa kiran nawa ba. A keken marasa lafiya aka sauko da ita, domin ƙashin ƙugunta na hagu ya zaizaye har ta kai ba ta iya tsayuwar salla, ga kuma ciwon suga da ta daɗe tana fama da shi. Likitocin gida sun ce sai an sauya mata ƙugun. Ba zan ambaci sunan birnin ba, ko na asibitin, domin ba ƙara nake kaiwa ba.

Ya kamata mai karatu ya san ko ni wane ne, don ya iya auna abin da zai biyo baya. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin jinya a asibitocin Katsina. Na fara tun ana sa mana farin gajeren wando da doguwar safa, na gama ina babban jami'in jinya, ana ce mani Cif. Waɗanda suka koyar da mu, da tsawa suka koyar da mu. Abu na farko da suka dasa mana shi ne, maras lafiyar da ba ya iya motsa kansa a juya shi duk bayan awa biyu, a duba bayansa da duga-dugansa, a wanke, a tsane, a ja zanen gado har babu ko ƙudundunewa ɗaya. Wanda aka bari a gefe guda, nauyin jikinsa kan hana jini isa ga fata, fatar ta mutu, ta buɗe. Shi ne gyambon kwanciya. A zamaninmu, idan ya fito a ɗakin da kake shugabanta, abin kunya ne da zai bi ka har ritaya. Amma in faɗi gaskiya, tun da na sami girma ban ƙara juya kowa da hannuna ba. Wannan aikin mataimaka ne, waɗanda muke kira atenda. Su ke yi wa maras lafiya wanka, su kawo fo su ɗauke, su ba shi abinci a baki, su juya shi. Nawa aikin shi ne in zagaya da safe, hannuwa a baya, in duba takarda. Shi ya sa da dangi suka ce a haɗa mu da mace mai jinya kamar yadda aka saba, na ce babu buƙata. Wace jinya za a koya wa Cif?

Wanda ya tarbe mu a filin jirgi Bahaushe ne, Malam Sabo, mutum mai furfura a gemu, wanda ya daɗe a can yana tafinta da dillancin marasa lafiya. Ya durƙusa har ƙasa.

"Cif da kansa! Sannunku da hanya. Ina gajiya? Yaya mutanen Ƙofar Kaura? Hajiya, yaya ƙarfin jiki? Ai kun iso gida, ku ɗauka a Katsina kuke."

Motar da ya ɗauko ta wuce babban asibitin da ya turo mana hotunansa, mai gilashi tun daga ƙasa har sama, ta shiga lungu, ta tsaya a ƙofar wani gini mai hawa uku. Na dube shi.

"Reshensu ne, Cif. Likitan ɗaya ne, wuƙar ɗaya ce. Can ai ado ne kawai."

Ɗakin da ya yi mana alkawari, mai gadon ɗan jinya a gefe, shi ma ya zama babban ɗakin mata mai gadaje jere, inda ba a barin namiji ya shiga sai awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma. "An ɗan samu canji," in ji Malam Sabo, yana murza tasbaha. Ni kuma ya kama mani ɗaki a saman shagon mai facin taya, tagarsa na kallon bangon maƙwabci. Na so in yi gardama, amma Hajiya tana zaune a keke tana cije leɓe, ga shi an riga an sa ranar aiki. Na haƙura.

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai jininta ya yi ƙasa, sugar ta tashi, likita ya ce ba za a tsayar da ita ba sai ta murmure. Aka sa mata robar fitsari da ƙunzugu, aka rataya takarda a ƙarshen gadon, mai layi-layi, inda mataimakiya za ta sa hannu duk lokacin da ta juya ta. Da na ga takardar nan hankalina ya kwanta. Na ce a raina, lallai mutanen nan sun san aiki.

Washegarin aikin, da safe, na shiga na tarar da mataimakiyar ɗakin, wata mace siririya mai shuɗiyar riga, ta saƙala hannuwa a hamatar Hajiya tana janyo ta sama ita kaɗai. Hajiya ta runtse ido. Wanda aka yi wa aikin ƙugu ba a ja shi haka. Mutum biyu ke ɗaga shi da zane. A daidai lokacin likita ya shigo zagaye, da babbar nas da wasu a bayansa. Da na yi haƙuri na minti biyar, da na ja matar gefe na nuna mata. Ban yi ba. Na gyara babbar rigata, na ɗaga murya da Turancin nan namu na da, wanda ba ya tuntuɓe, na tambaye ta wa ya koya mata aiki. Na gaya wa likita shekarun da na yi, da muƙamin da na riƙe, na ce a ɗakina mai irin wannan hannu ba ta kai azahar. Na ce a rubuta laifinta. Babbar nas ta juya ta wanke matar da faɗa cikin harshensu, a gaban majinyata duka, har wata tsohuwa a gadon kusa ta yi dariya. Matar ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, ni ta kalla, ba babbar nas ba.

Da suka wuce, Hajiya ta ce da ni a hankali, "Alhaji, da ka bar ta. Kai fita za ka yi, ni ce zan kwana a hannunta."

"Gyara ne," na ce. "Irinsu sai da haka. Za ki gani."

Na kuwa gani. Daga ranar, duk sa'ad da na shiga, sai in tarar da gadon Hajiya ya fi na kowa kyau. Zane a miƙe kamar an yi masa guga, an ja shi har ƙirjinta an soke gefe da gefe, an ɗaura mata ɗankwali, an barbaɗa mata hoda mai ƙamshi. Mai shuɗiyar riga takan ƙame ta gaishe ni da girmamawa, ta ciro takardar da kanta ta miƙo mani da hannu biyu. In sa tabarau in bi layi-layi: ƙarfe shida, dama, takwas, rigingine, goma, dama. Kowane layi da sa hannunta. In gyaɗa kai in mayar mata. Sa'an nan in zauna a kujera, nesa da gadon kamar taku ɗaya, yadda dattijo ke zama kusa da matarsa a gaban mutane.

"Hajiya, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Alhaji. Ka ci abinci?"

"Na ci."

Ƙarya muke yi mu duka biyu. Abincin garin yaji ne zalla, cikina bai karɓe shi ba. Burodi da shayi nake rayuwa a kai. Wani mai shayi a bakin lungu, da ya lura ina neman wurin alwala, ya riƙa ajiye mani ruwan ɗumi a gwangwani, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Tsakanin ziyarar safe da ta yamma ba ni da abin yi sai zama a dakalin asibiti ina kallon babura. A nan ne kewar gida ta fi cina. Na tuna yadda nake korar 'yan dubiya a asibitinmu, matan Ƙofar Sauri da na Ƙofar Kaura da kwanukansu da tabarminsu, suna cika baranda, wannan na fifita, waccan na matsa ƙafa, wata ta shige bayan labule da buta. Ina kiran su cunkoso, ina sa a rufe masu ƙofa. Ban taɓa lissafa majinyata nawa idanunsu suka tsare daga gyambon kwanciya ba. A can ƙasar mutane, ɗakin tsit yake, tsaf yake, babu mai ɗaga zanen kowa sai wadda aka ɗauka don haka.

Akwai alamu, kuma na gan su. Duk ziyarar da na zo, a rigingine nake tarar da Hajiya, ko da takarda ta ce dama. Na ce wataƙila don zuwana aka gyara ta. Igiyar ƙararrawar kira kullum tana naɗe a bayan gado, inda hannunta ba ya kai. Na ce tsafta ce. A kwana na shida, ƙarƙashin ƙamshin hodar nan na ji wani wari da hancina ya sani tun ina saurayi. Na waiwaya na kalli tsohuwar gadon kusa, na ce a raina, kaico, an bar baiwar Allah ta ruɓe. A ranar ce ma babbar nas ta kawo mani littafin da baƙi ke rubuta ra'ayinsu. Na rubuta da kyakkyawan rubutuna cewa, a matsayina na tsohon babban jami'in jinya, ina duba takardar juyi kullum, kuma na gamsu da kulawar da ake yi wa iyalina. Na sa hannu, na sa muƙamina.

Mai karatu zai ce, me ya hana ka ɗaga zanen? Na yi wa kaina wannan tambaya fiye da yadda kowa zai yi mani. Na ga bayan mata da maza da ba su ƙirguwa, amma ban taɓa ganin na Hajiya da rana ba. Haihuwa bakwai ta yi, ko ɗaya ban shiga ba. Mu haka muka tashi. Ta yaya zan tsaya a gaban matan ƙasar wasu in kwance wa uwar 'ya'yana ƙunzugu? Ita kuma ta yaya za ta buɗe baki ta ce wa mijinta wuri kaza ke yi mata zogi? Takardar nan ta zame mana mafaka mu duka biyu.

A kwana na tara aka sauya mataimaka. Da na shiga da yamma na tarar da wata dattijuwa gajera, mai kaurin hannu, tsaye a gefen gadon. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Na miƙa hannu zan ɗauki takarda, sai ta riga ni, ta cire ta ta kifa a kan kujera. Ta ja labule ya zagaye mu. Ta kama hannun rigata, abin da ba a taɓa yi mani ba, ta ɗora tafina a kafaɗar Hajiya, ta nuna mani da haɓa in riƙe.

"Alhaji, don Allah hita," in ji Hajiya. "Don girman Allah kada ka duba."

Muka juya ta. Dattijuwar ta kwance ƙunzugun.

A ƙasan bayanta, daidai kan ƙashi, akwai wuri kamar faɗin tafin hannuna, baƙi ƙirin a tsakiya, gefensa ya kumbura yana fitar da ruwa. An cika shi da hoda har ta yi ɓawo. A cinyoyinta kuma ga shatin bakin fo, zagaye, ja wur, shaidar ana barin ta a kansa ta daɗe. Na san irin wannan gyambo. Abin da ido ke gani ƙofa ce kawai, ɓarnar tana ciki. Na kuma san abin da yake yi wa mai suga.

Hajiya tana kuka, fuskarta a cikin matashi, ba don ciwon ba. Dattijuwar ta kawo ruwan ɗumi ta fara wanke gefen wurin tana yi mata wata magana mai taushi, irin ta rarrashi. Ta ɗan bubbuga hannuna sau biyu, ta ci gaba da aikinta. Sai da ta gama ta je ta kira nas.

Da safe na nemi ganin shugaban asibitin. Malam Sabo ya zo a makare, yana ta hamma. Shugaban ya saurare ni har na gama, cikin ladabi, sa'an nan ya sa aka kawo takardun juyi na kwana tara ya jera a tebur. Babu layin da ba a cika ba. Ya ce mai suga fatarta ba ta da ƙarfi, wataƙila ma da shi ta zo daga gida. Da na ɗaga murya, ya buɗe littafin baƙi, ya juyo mani shi, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin sa hannuna.

"Wannan ba rubutunka ba ne? Kwana huɗu da suka wuce. Kai ƙwararre ne, mu mun yarda da shaidarka."

Na juya ga Malam Sabo, ɗan'uwana Bahaushe, in ji ko zai ce wani abu. Ya yi wa shugaban wata doguwar magana cikin harshensu, suka yi murmushi tare. Ni kuma ya ce mani, "Cif, a yi haƙuri, ƙaddara ce. Ka san nan ba gida ba ne. Ina da wasu marasa lafiyar a hannunsu, kada ka ɓata mani wurin cin abinci." Daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Na sami mai shuɗiyar riga a hawa na biyu, inda aka mayar da ita, tana tura keken zannuwa masu datti. Na tare ta. Ban san ko zagi na je yi ba ko roƙo. Na ce, "Ni na yi maki laifi. Ita me ta yi maki?"

Ba ta ƙame ba wannan karon. Da guntun Turancinta ta ce, "Gado goma sha shida, ni kaɗai. Ka ce mutum biyu ke ɗagawa. Ina ta biyun? Ka tambaya? Ka sa an rubuta ni. Ka san sunana?"

Ban sani ba. Har yau ban sani ba.

"Ni ƙaramar ma'aikaciya ce, ban iya aiki ba, kai ka faɗa. Kai babba ne. Kullum kana zuwa, sau biyu. Kana da hannu." Ta kalli hannuwana, waɗanda ko a lokacin suna haɗe a bayana. Ta tura kekenta ta wuce, har gefensa ya gogi rigata.

Ba na yafe mata abin da ta yi, domin ta san abin da take yi, kuma ta zaɓi wadda ba ta iya kare kanta. Amma ban sami amsar da zan ba ta ba a ranar, ban kuma same ta ba har yanzu.

Likitocin suka yanke mataccen naman, ramin ya fito fili, yatsuna uku na iya shiga. Zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo. Dattijuwar nan ce ta riƙe Hajiya sauran kwanakin. Takan juya ta a kan lokaci ko da mai gani ko babu, idan kuma lokacin ziyara ne takan kira ni in kama mata gefe ɗaya na zanen, ta gyara mani riƙo idan na karkace. Ni da na koyar da ɗaruruwa, a hannunta na sake koyon juyi. Ranar sallama na naɗe 'yan kuɗi zan ba ta, ta ture hannuna, ta shafa kan Hajiya, ta koma ga gadon gaba.

Izinin zamanmu ya kusa ƙarewa, guzuri ya ƙare, aka ce mu tafi gida a ci gaba da wankin ciwo. Ba mu da halin sayen wurin kwanciya a jirgi. Haka Hajiya ta zauna a kan gyambon nan tun daga can, da jiran sauyin jirgi a wata ƙasa, har Kano, sa'an nan mota har Katsina. Ina zaune kusa da ita ina ƙirga awa biyu-biyu a agogona, babu inda zan juya ta. Duk sa'ad da na dube ta sai ta ce, "Da sauƙi, Alhaji."

A gida ban yarda kowa ya taɓa ta ba. Ni ke wanke ciwon, ni ke juyi, ni ke ɗaukar fo, ƙofa a rufe. Likitocinmu, waɗansunsu yarana ne a wurin aiki, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ciwon ya riga ya kai ƙashi. Sabon ƙugun da muka je nema lafiyarsa lau, ba ta taɓa taka shi ba.

Wata safiya ina naɗe mata bandeji, tana kwance ta ba ni baya, na yi ƙarfin hali na ce, "Hajiya, mi ya hana ki gaya mani?"

 Ta ce, "Kullum in ka shigo sai in ce yau zai duba. Sai in ga ka sa tabarau." Ta yi numfashi. "Ya wuce. Amma ka ji, Alhaji. In yaran nan sun tambaye ka, ka ce masu suga ce ta buɗe wurin. Kada ka ce kwanciya ce. Sun san aikinka, da shi suke tinƙaho a gari."

Sati bakwai da dawowarmu ta rasu, ranar Laraba, bayan la'asar. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Ranar sadakar uku, bayan jama'a sun ragu a ƙofar gida, babban ɗana ya matso kusa da ni a kan tabarma, ya rage murya.

"Baba, ni har yanzu abin bai shige mani ba. An ce aikin ya yi kyau. To mi ya kawo ciwon nan na baya?"

Na ce mashi, "Suga ce."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da hannun riga. "Allah ya saka maka da alheri, Baba. Wallahi da ba kai ke tare da ita ba, da ba mu san yadda mutanen nan za su yi da ita ba."

Na ce, "Amin."